Injina na CNC ya fara yanka da'ira kamar ƙwai: gyara ko sabon kai?

Mai Allon Suna: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara. Injin CNC, wato mai yanka da sassaƙa bisa umarnin kwamfuta, da na haɗa da hannuna a shagona na Farin Gada ya fara ba ni ciwon kai. Jikinsa filawud ne mai kauri, faɗin wurin aiki kamar mita 1 da santimita 80. Motocin NEMA 23, bel na GT2, allon Arduino Uno da manhajar GRBL da ke sarrafa injin, direbobin A4988 masu ba motoci wuta, a kai kuma rautar Makita RT0700. Yanzu in na yanka da'ira ba ta rufewa daidai, haruffa kuma suna zamewa a tsakiyar aiki. Wani yana so ya sayar min da sifindil, wato moton da ke juya bakin yanka, na 2.2kW mai sanyaya da ruwa, har da VFD ɗinsa, akwatin da ke sarrafa gudunsa. In karɓa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kar ka karɓa tukuna. Sifindil juyawa kawai yake yi, ba shi ke kai baki hagu da dama ba. Da'irar da ba ta rufewa daga wajen tafiya take.

Oga Kafinta: Ni dai na sa irinsa kuma ban yi nadama ba. Makita na da ƙara, maƙwabta sai sun yi magana, ga gawayinta da ke cinyewa in ana aikin awa uku huɗu a jere. Mai ruwa shiru yake aiki har dare.

Injiniya: Oga, naka jikin ƙarfe ne, na gan shi a kasuwar Katako. Na wannan ɗan'uwa katako ne. Makita ba ta kai kilo 2 ba, sifindil na 2.2kW kuwa wajen kilo 5 ne, ban da mariƙinsa da tiyon ruwa. In ya rataya wannan a farantin filawud, kan zai sunkuya tun kafin baki ya taɓa aiki. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Oga Kafinta: To, a nan ka yi gaskiya.

Baba Mai Walda: Yaro, kafin a shiga lissafin boko, ɗauko alanki. A jikin kowane fuli akwai ɗan ƙaramin sukuru da ke kama sandar moto. Sandar tana da gefe ɗaya da aka fere, a nan sukurun ya kamata ya zauna. Ja layi da maka daga sandar zuwa fulin, ka sa injin ya yi aiki, ka dawo ka duba. In layin ya rabu biyu, ka kama ɓarawonka. Wannan shi na fi samu a injinan da ake kawo min.

Mai Allon Suna: Madalla Baba, zan duba da safe in sha Allah.

Injiniya: Ka haɗa da wannan. Abin da ka faɗa matsala biyu ce, kar ka cuɗa su. Da'ira mai kama da ƙwai yawanci wasa ne a wurin tafiya, wato moto ya juya baya amma kai bai bi nan take ba, saboda bel ya saki ko tayoyi sun ci. Zamewar haruffa a tsakiyar aiki kuwa moto ne ke ɓatar da taku, kuma ina zargin direbobinka. A4988 na ƙananan motoci ne irin na NEMA 17. Amfiya 1 yake ɗauka cikin kwanciyar hankali, da fanka da ƙarfen sanyaya ya kusanci 2. NEMA 23 da yawa amfiya 2.8 ake rubuta musu. Ka ga kenan moton bai taɓa samun abincinsa ba, direban kuma in ya yi zafi yakan kashe kansa na ɗan lokaci sannan ya farfaɗo. Shi GRBL bai san an yi haka ba, don babu abin da ke dawo masa da labarin inda kai yake. Sai ya ci gaba da aiki a inda ba nan ba.

Mai Allon Suna: Lallai kuwa sai aiki ya yi nisa yake zamewa. Farkon minti ashirin lafiya lau.

Injiniya: To ka gani. Sayi direban DM542, ko TB6600 in aljihu bai kai ba, amma na farkon ya fi santsi da shiru. DM542 yana karɓar bolt 20 zuwa 50, ka ba shi 36. Motocin nan da kake gani kamar sun gaji, za ka sha mamakinsu. Arduino ɗinka zai iya tuƙa su, waya kawai za ka sake ja. In ka canza rabon taku a jikin direban, kar ka manta da $100 da $101, saitin GRBL na yawan taku a kowace milimita. Moton taku 200 yake yi a zagaye ɗaya, fuli mai haƙori 20 a bel na GT2 yana tafiyar milimita 40, saboda haka a rabon 8 lambar 40 za ka sa. Kafin kayan su iso, rage $120 da $121, saitin saurin ɗaukar gudu, zuwa rabi, ka sa fanka ta hura allon, ka lallaɓa.

Ɗan Kubwa: Ranka ya daɗe Injiniya, duk wannan faci ne. Ni shawarata ya cire bel gaba ɗaya ya sa sandar sukuru ta SFU1605 da layin dogo na HGR. Tun da na koma kansu na manta da maganar ɗaure bel. Nan Abuja masu ba da aikin ƙofa ba sa yafe ko rabin milimita.

Baba Mai Walda: Layin dogo a kan me zai ɗaure shi? A kan filawud? Dogon yana bin abin da aka shimfiɗa shi a kai ne. Ku na Abuja ba ku san yadda katako ke yi mana a Jos ba. Da damina ya sha danshi ya kumbura, hunturu na shigowa ya bushe ya janye, noti duk su saki. Injin da aka saita a watan Agusta ba shi ne za ka tarar a Janairu ba. In dogo yake so, sai an yi sabon jiki da fayif mai kusurwa huɗu, a yi walda a hankali kar zafi ya murɗe shi, a bi da shim a daidaita. Wannan kuma ba gyara ba ne, sabon inji ne, a kira shi da sunansa.

Ɗan Kubwa: Ai gara sabon, Baba, da a yi ta zuba kuɗi kaɗan kaɗan.

Hajiya Mai Ado: Ku yi haƙuri in sa baki. Ba wanda ya tambaye shi me yake yankawa. Ni akirilik nake yi, sunayen amare da na kan kek, injina bel ne kuma bai taɓa hana ni cin abinci ba. Malam, aikinka allon shago ne da MDF, ko kana shirin shiga almuniyom?

Mai Allon Suna: Hajiya, allon suna ne da adon bango, MDF da akirilik, jefi jefi katakon madaci. Almuniyom sha'awa ce kawai, ba wanda ya taɓa kawo min.

Hajiya Mai Ado: To sha'awa ta jira. Kuɗin sifindil ɗin nan ka raba shi: direbobi, bel sabo mai faɗi, bakuna masu kyau, da abin zuƙe ƙura. Baki mai haƙori ɗaya ka nema don akirilik, ba ya narkar da shi. Dakushasshen baki shi kansa yana sa moto ɓatar da taku, don turawa yake yi ba yanka ba. Ƙurar MDF kuma ka san gam ne a cikinta, tana liƙewa a tayoyi da haƙoran bel, ta shiga ƙirji. Ka riƙa sa takunkumi don Allah.

Oga Kafinta: Wani abu da ban faɗa ba game da mai ruwa. VFD yana watsa hayaniyar lantarki, in wayarka ba mai sulke ba ce kuma ba ka da wayar ƙasa ta kirki, USB zai riƙa yankewa ana tsakiyar aiki. Sannan ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba. Makita wat 710 ce, ko ina ka kunna ta.

Injiniya: Tunda an zo maganar wuta, ka sa makunnan iyaka ka kunna saitin $22, injin ya riƙa komawa gida, wato mafarin awonsa, da kansa. In an ɗauke wuta ana cikin aiki, za ka dawo daidai inda ka tsaya maimakon ka jefar da allon mutane. Kuɗinsu ba ya kai na baki ɗaya.

Mai Allon Suna: Barkanmu da safiya. Ga abin da na samu. Baba, layin maka na gefen X bai motsa ba, amma na ɗaya daga cikin motocin Y ya rabu, na ɗaure. Bel ɗin wannan gefen kuma haƙoransa sun cinye a tsakiya. Na yanka murabba'i mai santimita 30, na auna daga kusurwa zuwa kusurwa, bambancin ya kusa milimita 2. Sannan da na kama bakin rauta na girgiza da yatsa, ina ganin kan yana lilo da idona.

Injiniya: Bambancin kusurwa gadar da kai ke tafiya a kanta ce ta karkace, tunda gefe ɗaya yana ja ɗaya yana zamewa. Kashe wuta, ka tura gefe biyun su dafa abu ɗaya mai tsawo daidai, sannan ka kunna. Lilon kai kuwa shi ne iyakar injinka. Duba tayoyin tukuna, akwai noti mai juyawa da ke matse su. In sun matsu kuma yana nan yana lilo, farantin Z ne, wanda ke riƙe da rauta.

Baba Mai Walda: Wannan farantin kaɗai nake goyon bayan a canza. Almuniyom mai kaurin milimita 10 ko 12 ya isa. Bayan gadar kuma a ɗaura mata ƙarfen kwana daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sauran jikin ka bar shi ya yi maka aiki, kana tara kuɗin na ƙarfe a gefe. Motoci da direbobin da za ka saya yanzu duk za su koma can.

Ɗan Kubwa: Shi kenan, na sauka. Amma mai sifindil ɗin nan, in ba ka karɓa ba ka haɗa ni da shi. Mariƙin bakinsa ER20 ne ko ER16?

Mai Allon Suna: ER20 ya ce. Zan turo maka ta gefe. Baba, in cire farantin in kawo maka Dilimi ko za ka zo ka auna a jikin injin?

Baba Mai Walda: Kar ka cire komai. Asabar bayan Azahar zan biyo ta Farin Gada da agogon awo. Ka share ƙurar kafin in zo, ka ajiye tsohon bel ɗin in gani.