Ka Ga Tsuntsu: Me Za Ka Faɗa, Me Za Ka Ɓoye?

Masu kallon tsuntsaye sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: a faɗi irin tsuntsun, rana, lokaci da adadi, domin da su masu bincike ke bin sawun ƙaurar tsuntsaye. Manhajar eBird ta tattara rahotannin masu kallon tsuntsaye, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta fara a 2002, da irin wannan bayani take aiki.

Faɗin wurin da aka ga tsuntsun ne ya jawo ja-in-ja. Tsuntsu gama-gari, a faɗa, ba komai. Amma mujiya mai barci a kogon bishiya, ko uwa kwance kan ƙwai, a ambaci yankin kawai. Ka sa taswira yau, gobe jama'a sun kewaye bishiyar da kyamarori, wani har yana kunna kukanta a waya don ta leƙo. Uwar ta tashi, ƙwai su yi sanyi. Aku kuwa, masu kamawa su sayar ma suna karanta rahoton.

Wasu sun ce a jinkirta faɗin wurin har 'ya'yan su tashi, ni ma nan na fi karkata. Sai a duba hoton waya, don yakan ɗauko wurin da aka ɗauke shi a ɓoye. A goge bayanin wurin kafin a ɗora hoton a intanet. In gonar wani ce, a nemi izininsa tukuna.