Wa ya ɗora taurari kan sikeli?

Daren Asabar, a zauren WhatsApp na danginmu a Sakkwato, Yaya ya turo labarin 2024: wai an gano baƙin rami (wuri a sararin samaniya mai jan da ko haske ba ya kuɓuce masa) wanda nauyinsa ya ninka na rana aƙalla sau 8,200 a tsakiyar dunƙulen taurarin nan, Omega Sentauri.

Kawu: Ni hwa wanga zance bai shige ni ba. Shekara talatin ina dillanci a Kara, sa na gabana ina shahwar tozonai, amma wata rana in yi kuskuren kuɗinai. Su ko abin da haskenai ka yin shekara 17,000 kahin shi iso mu, sun ce sun auna shi. Da wane sikeli?

Malam: Allah shi ja kwana, Kawu, ba sikeli, gudu ake aunawa. Ka tuna majajjawar korar tsuntsu a gonar gero? In ka hangi yaro daga nesa yana juya dutse da ƙarfi, dutsen bai kuɓuce ba, ka san hannun da ke riƙe da shi ba na wasa ba ne, ko ba ka ga hannun ba. Taurarin dunƙulen nan, wajen miliyan 10, kowane yawo yake, nauyin taron ne ke riƙe su. In an san saurin gudunsu da faɗin wurin da suke kewayawa, lissafi zai ba da nauyin. Na Omega ya kai na rana wajen miliyan 4.

Kawu: To dunƙulen na ji. Ramin hwa? Wa yag gane shi da ido?

Auta: Kawu, ba wanda ya gan shi. Hotunan Hubble, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, sama da 500 aka tara, na shekara 20, aka bi motsin taurari miliyan 1.4. Can tsakiya aka samu guda 7 masu gudun da ya kamata a ce tuni sun fice daga dunƙulen. Ba su fice ba. Ke nan akwai abin da ya ɗaure su a turke.

Kawu: Bakwai cikin miliyan! Ɗiyata, ko garke guda ba a rasa bakwai masu hauka.

Yaya: Wallahi Kawu ya kama wani abu. Ni na turo labarin, amma Auta kin ɓoye rabinsa. 'Yan watanni bayan nan wasu masanan sun yi nasu lissafin, suka haɗa da taurarin nan masu bugun haske kamar agogo, fulsa. Suka ce in ma akwai babban rami, bai wuce nauyin rana 6,000 ba, kuma abin da ya fi dacewa shi ne tarin ƙananan ramuka cunkushe a tsakiya. 8,200 da 6,000 ba sa zama inuwa ɗaya.

Auta: Ban ɓoye ba, Yaya. Tarin ƙanana yana iya bayyana gudun garken gaba ɗaya, amma bakwai ɗin nan suna manne ne a wuri ɗan ƙarami. Nauyin da ya warwatsu ba ya fizgar tauraro haka.

Malam: Ku lura, rigimar ta sauya. Ba mai musun cewa akwai nauyin da ba a gani, ana jayayya ne kan bijimi ɗaya ne ko maruƙa da yawa. Ni ina wajen Auta, amma da ƙafa ɗaya.

Inna: Ku dai kar ku kai mu ga duba. Wannan Kaza da 'Ya'yanta ce kuke wa sabon suna?

Malam: A'a Inna, falaki ne, ba duba ba. Kaza taurarinta ba su da yawa, kuma yara ne. Wannan tsohon taro ne, ya haura shekara biliyan 10. Mutanen dā tauraro guda suka ɗauke shi, sai a 1677 masanin taurari Edmond Halley ya lura ba ɗigo ɗaya ba ne. Daga nan Sakkwato ma ana ganinsa. Cikin Afrilu ko Mayu, a fita bayan gari inda babu fitila, a fuskanci kudu da dare, yana ƙasa-ƙasa kamar ɗan gutsuren auduga.

Kawu: In hazo ya bari. Ka zo da madubin hangenka, Malam, ni ka kawo shayi. Amma ramin, sai na ji sun daidaita tsakaninsu.

Auta: To Kawu, sai a yi shayin da yawa.