Idan dokokin Dungeons & Dragons sun saɓa kan gawa mai tafiya

A wannan wasa, wanda 'yan wasa ke kwaikwayon jaruman wani labari bisa dokokin da ke cikin littattafai, wata gardama ta taso daga tambaya ɗaya: sihirin warkarwa yana yi wa gawa mai tafiya (halittar da ta mutu amma take ci gaba da motsi) amfani ko illa? Waɗanda suka jima suna wasan suka ce a fara tantance bugun da ake wasa da shi, domin kowane da hukuncinsa. A bugu na 3.5 na 2003, sihirin warkarwa raunata irin waɗannan halittu yake yi. A littafin ɗan wasa na 2014 kuwa, sihirin warkarwa mai suna Cure Wounds ba ya yi musu komai, sannan gyararren bugun 2024 ya cire wannan togaciyar. Sau da yawa rikicin daga cakuɗa littattafai yake fitowa.

Idan saɓanin a cikin bugu guda ne, keɓantacciyar doka ita ke rinjayar ta gama-gari. A kuma duba jinsin da aka rubuta wa halittar. Dhampir (masu siffar dodo mai shan jini) da Reborn (waɗanda suka mutu suka dawo) na littafin Ravenloft na 2021, duk da kamanninsu da gawa mai tafiya, a jinsin mutane suke, don haka warkarwa tana kama su.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce jagoran wasa ya yanke hukunci nan take, a ci gaba, a bar muhawara sai an tashi, sannan a rubuta matsayar don zama na gaba.