Ƙarfen ƙasan jirgina yana bugawa, ku ba ni shawara

Ɗan Baltimo: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na sayi ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, Catalina 22, irin wanda ake ja da tirela. Wani dattijo ne ya sayar min bayan matarsa ta rasu. Tun ranar uwargida take cewa na sayo wahala, har yayanta ya kira ni daga Kano a kan maganar. To yanzu ƙarfen nan na ƙasa da ake saukewa a ɗaga da waya, duk sanda igiyar ruwa ta taso sai in ji "gum, gum". Tsatsa kuma ta cinye gefensa. Na yi wa yara alkawarin fita mashigin tekun Chesapeake, a nan Amurka, a watan Mayu. In goge in shafa fenti kawai?

Injiniya: Fenti ba ya maganin bugu. Ramin da sandar ƙarfen take juyawa a ciki ne ya buɗe. Dole ka sauke shi. Wajen kilo 250 ne, ka sa jek da katako kafin ka taɓa notin nan huɗu da suke riƙe da shi, in ba haka ba ƙafarka ce. Ka canza wayar ma.

Ɗan Yauri: Mu dai a gida tsumma da kwalta muke cusa wa kwalekwale, ya yi shekaru. Ni wanda na ba gyaran injina tun azumi har yau bai dawo da shi ba, kuɗina ma ya riƙe.

Mai Walda: Kawo a cike ramin da walda a sake hudawa, aikin yini ɗaya.

Injiniya: Haba malam, zubin ƙarfe ne fa, walda na iya tsaga shi. Bushin ake sawa a ramin, wato zoben ƙarfe da zai matse sandar. Bayan an kankare tsatsar kuma a shafa ifoksi, wato gam ɗin nan mai hana ruwa taɓa ƙarfe, a ranar, don ƙarfen nan kafin gari ya waye ya sake yin tsatsa. A wannan sanyin ma ifoksi ba zai kama da kyau ba.

Hajiya: Ɗana, ruwa yana shiga ciki? Ba ka faɗa ba. Yara ka ce za ka ɗauka.

Ɗan Baltimo: Hajiya ɗan kaɗan ne, kuma ina jin na sama ne. Injiniya na gode, amma dattijon ya ce haka yake bugawa tun da can kuma bai taɓa samun matsala ba. Wayar ma da kyanta, na leƙa. Ba ni da wurin sauke ƙarfe, jirgin a harabar gidan haya yake.

Injiniya: Inda wayar take ruɓewa ba ka ganinsa sai an ɗaga jirgin.

Ɗan Baltimo: To wane fenti ne dai ya fi riƙe tsatsa?