Wai kamfani ne ke biyan VAT ko ɗan aike ne kawai?

Auwal: Salam jama'a. Wani abu ne ke ci min tuwo a ƙwarya. Duk ƙarshen shekara sai ka ga manyan kamfanoni sun fito da rahoto suna cika baki wai mun biya gwamnati haraji kaza, in ka buɗe ciki ka duba sai ka tarar kaso mai tsoka VAT ne, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya wajen saye, da kuɗin fito na kwastam da harajin da ake ɗora wa taba da lemon kwalba da fetur. Ni dai ra'ayina, in ka cire harajin riba to kamfani ko sisi ba ya biya daga aljihunsa, mai saye ne ke biya, kamfani ɗan aike ne kawai. Kura da shan bugu gardi da karɓar yabo. Wanda ke da ja ya fito

Sadiq: gardi da karɓar kuɗi dai ake cewa, har karin maganar ma ka sa mata haraji 😂

Malam Nura: Wa alaikumus salam. A kan VAT kana da gaskiya a takarda, dama haka aka gina shi. Ɗauki ƙasar da VAT ɗinta kashi 10 ne. Mai katako ya sayar wa masana'antar kujeru katako a 100, ya karɓi 110, ya kai wa gwamnati 10. Masana'anta ta ƙera kujera ta sayar wa mai kanti a 300, ta karɓi 330, amma ba 30 za ta kai ba, za ta cire 10 ɗin da ta riga ta biya wajen katako ta kai 20. Mai kanti ya sayar maka a 400, ka ba shi 440, ya cire 30 ɗinsa ya kai 10. Tara su, 10 da 20 da 10, 40 ke nan, daidai abin da ya fita daga aljihunka kai na ƙarshe. Wani jami'in haraji na Faransa Maurice Lauré ne ya tsara shi, suka fara a 1954, yanzu ƙasashe sama da 170 na amfani da shi

Auwal: To Malam ai ka gama min aiki, sai a rufe zance

Malam Nura: Ban gama ba, na ce a takarda

Hajiya Rabi: Bari ni in faɗa maka abin da ba ya kan takarda ɗana, don ni ina cikin harkar shekara da shekaru. Ina fitar da kaya waje, kuma ƙa'ida a kusan ko'ina ita ce kayan da aka fitar waje VAT ɗinsu sifili ne, wato ba na karɓar komai a hannun mai sayena amma duk abin da na saya na haɗa kayan na biya VAT a kansa, sai in cike takardu in ce gwamnati ta mayar min da kuɗina. Akwai shekarar da na fi wata goma ina zarya, yau a ce rasit kaza bai fito sosai ba gobe a ce sai an zo an duba littattafai, ni kuma a lokacin bashin banki nake juyawa da shi. Kuɗin ruwan da bankin ya caje ni a watannin nan wa ya biya? kai? Wanda na sayar wa a waje ba ruwansa, in na ƙara masa farashi ya koma wajen wani a wata ƙasar. Sannan ga wanda zai karɓi kaya bashi, ni na riga na rubuta masa takardar kuɗi, wata ya ƙare dole in kai VAT ɗin da ban ma karɓa ba tukuna. Ɗan aike ne ke fitar da kuɗinsa kafin a ba shi saƙon?

Auwal: Allah ya ba da haƙuri Hajiya, amma wannan ai matsalar ma'aikata ce da jan ƙafa, ba harajin kansa ba

Hajiya Rabi: Aljihuna bai san bambancin ba

Malam Nura: Akwai ma wanda doka da kanta ta hana shi cirewa. Mutane na haɗa abu biyu, kayan da aka sa wa sifili da kayan da aka yafe wa VAT gaba ɗaya. Mai sifili yana karɓo abin da ya biya. Wanda aka yafe wa, irin yawancin ayyukan banki da inshora a ƙasashen Turai, ba ya cajin kwastoma VAT amma kuma ba shi da ikon cire wanda ya biya a kan kwamfutoci da haya da gyaran ofis, ya maƙale masa ke nan ya zama cikin kuɗin da ya kashe. Sunan yafiya ne amma wani lokacin gara a ce ba a yafe maka ba

Auwal: Shi ma bankin ai sai ya zagaya ya cusa shi cikin cajin da yake cirewa a asusuna. Duk inda aka je aka dawo ni ne dai

Ummi: Yaya Auwal inda maganarka ke da rami shi ne kana ɗauka kamfani na iya ƙara farashi duk yadda ya ga dama. In da haka ne me zai sa ya jira sai an sa haraji, ai da tun jiya ya ƙara. Abin da ya hana shi jiya shi ne tsoron masu saye su gudu, kuma wannan tsoron bai tafi ko'ina ba don an sa haraji. Doka tana faɗin wanda zai kai kuɗin ne kawai, wanda zai ji zafin kuma kasuwa ce ke zaɓa, kuma wanda ba shi da wajen gudu shi ake dannewa. Mai shan taba ba ya iya bari cikin sauƙi shi ya sa harajin taba kusan duka a kansa yake sauka. Amma duba abin da ya faru a Amurka, a 1990 majalisa ta sa harajin kashi 10 a kan jiragen ruwan shaƙatawa na attajirai, a kan abin da ya haura dala dubu 100, ya fara aiki 1991 da nufin a tatsi masu kuɗi. Attajiri kuwa ba dole ne ya sayi sabon jirgi ba, sai ya fasa ko ya sayi na hannu, ciniki ya faɗi, masu ƙera jiragen suka yi ta sallamar ma'aikata, a 1993 aka soke shi a kan jiragen. Wa ya biya a nan?

Sadiq: kafinta ya biya wa attajiri, duniya ke nan

Malam Nura: Ummi a yi adalci dai, lokacin tattalin arzikin Amurka ma yana cikin koma-baya, ba harajin kaɗai ya kashe cinikin ba

Ummi: Haka ne Malam na yarda, amma hanyar da nauyin ya bi ita nake nunawa

Auwal: To ni ma ina da nawa misalin tunda abin ya koma haka. Birtaniya ta sa harajin kashi 2 a kan kuɗin shigar manyan kamfanonin intanet daga Afrilun 2020, ba a kan riba ba. Me ya faru? Amazon ya fito ƙarara ya ƙara kashi 2 a kan cajin da yake yi wa masu sayar da kaya a dandalinsa daga Satumba, Google shi ma ya ɗora kashi 2 a kan masu ba da talla daga Nuwamba. Ko kunya babu, a rubuce suka aika wa mutane. Shi ne za a ce min sun biya?

Ummi: Wannan ai hujjata ka kawo ba taka ba. Sun iya ne saboda mai sayar da kaya a Amazon ba shi da wani babban wajen komawa. Ƙaramin kamfanin da ke da abokan hamayya ashirin ya gwada haka ya gani. Kuma ka lura su wa aka ɗora wa, ƙananan 'yan kasuwa ne, su ma kamfanoni ne

Baba Ado: Ina ta karatu ban sa baki ba. Tambaya ɗaya gare ni ga masu ilimin, in har mai saye ne ke biyan VAT ɗari bisa ɗari kamar yadda yaron nan ke faɗa, to ranar da gwamnati ta rage shi ai ya kamata farashi ya sauka daidai da ragin. An taɓa gwadawa?

Ummi: An gwada Baba, kuma amsar ba daɗi. Faransa ta rage VAT na gidajen cin abinci a Yulin 2009 daga kashi 19.6 zuwa 5.5. Masana biyu Youssef Benzarti da Dorian Carloni sun bi lissafin, suka gano masu gidajen ne suka riƙe fiye da rabin ragin, mai saye shi ya samu mafi ƙanƙanta. Finland ma ta rage wa masu aski da gyaran gashi daga 22 zuwa 8 a 2007, a 2012 ta mayar da su kan cikakken harajin, aka tarar tashin da farashi ya yi lokacin ƙari ya kai ninki biyu na saukar da ya yi lokacin ragi

Auwal: Kun ji ko!! in an ƙara ni ne, in an rage su ne

Baba Ado: Sannu dai. Ni abin da na fahimta daban ne. In an cire haraji mai kamfani ya samu ƙarin riba, ashe ke nan lokacin da harajin ke nan wani abu nasa yake ci. Ba ka samun sauƙi daga kayan da ba a kanka yake ba

Auwal: ko kuma haɗama ce kawai Baba, ya ga mutane sun saba da tsohon farashi ya yi shiru

Baba Ado: Wannan ma zai yiwu, ban rantse ba

Hajiya Rabi: Kuma fa duk kun tsaya a kan VAT kamar shi kaɗai ne. Kuɗin fito a kan injin da na shigo da shi ba a mayar min, ba irin VAT ba ne da ake cirewa. Harajin gini da fili ko na yi ciniki ko ban yi ba yana nan. Kuɗin hatimi a kan takardun yarjejeniya, kuɗin sabunta lasisi, kason da mai kamfani ke zubawa a kan albashin kowane ma'aikaci. Harajin riba shi ne ma mai tausayi wlh, shekarar da ka faɗi ba ya tambayarka komai, waɗannan kuwa ko kana kuka sai ka biya

Malam Nura: Na albashin nan ma wani rikicin ne. A Amurka mai kamfani na biyan kashi 6.2 na albashi ga Social Security, asusun fansho na gwamnati, da 1.45 ga Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi, ma'aikaci ma a cire masa daidai haka, a takarda rabi da rabi. Amma yawancin masana tattalin arziki na ganin in an daɗe kason mai kamfanin ma yawancinsa a jikin ma'aikaci yake fita, ta hanyar albashin da ba a ƙara ba ko mutumin da ba a ɗauka ba. Irin gardamar da aka yi ke nan a Birtaniya da aka ɗaga kason masu kamfani daga kashi 13.8 zuwa 15 a Afrilun 2025. To ka ga a nan ba mai saye ba ne ba kuma mai jari ba, mutum na uku ne

Hajiya Rabi: Malam in an daɗe ka ce. Ni watan da aka ƙara ba zan iya kiran ma'aikatana in ce na rage muku albashi ba, ni zan haɗiye

Sadiq: wato kowa a nan cewa yake ni ne na biya, gwamnati kuwa sau ɗaya ta karɓa 😂

Ummi: Akwai ma hanya ta huɗu, kamfani ya kauce gaba ɗaya. Harajin sukari na lemon kwalba a Birtaniya an sanar da shi 2016 ya fara aiki Afrilun 2018, sai lemon ya kai giram 5 na sukari a mililita 100 yake shiga. Kafin ranar ta zo irin su Ribena da Lucozade da Irn-Bru suka rage sukarinsu suka faɗo ƙasa da layin. Coca-Cola na asali bai canza haɗinsa ba, ya bar mai so ya biya. Haraji ɗaya, kasuwa ɗaya, kowa da yadda ya yi da shi

Auwal: To shi ke nan na janye “ko sisi”, Hajiya ta ci wannan. Amma ban janye maganar rahoton ba. Kamfani ya haɗa VAT ɗin da ya karɓa a hannuna da harajin da ya cire daga albashin ma'aikatansa ya zuba su cikin jimla ɗaya ya ce “mun biya”, wannan dai kwalliya ce da kayan aro

Malam Nura: A nan ina tare da kai. Masu yin rahoton da gaskiya gida biyu suke rabawa, abin da kamfani ya ɗauka a kansa daban, abin da ya tara a madadin gwamnati daban. In ka ga lamba ɗaya ƙatuwa ba rabe-rabe to ka nemi shafin da aka fasa ta

Hajiya Rabi: Ku raba gida biyu ko goma, ni dai ku nuna min gidan da za a rubuta albashin akantan da na ɗauka ba don komai ba sai don tara wa gwamnati VAT, da wata goman da na yi ina jiran kuɗina

Malam Nura: Babu gidansa Hajiya, cikin kuɗin gudanarwa yake shiga

Auwal: wanda shi ma a ƙarshe cikin farashi zai...

Hajiya Rabi: Auwal kar ka sake mu koma farko, zo ka karɓi kamfanin ka riƙe wata uku ka ƙara farashin mu gani