Kyarkeci ya koma cin 'ya'yan itace, ku zo mu yi baiti

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar Zango. Yau amsa-amo "wa" ne, maganar kuma ta kyarkeci ce, na can ƙasar sanyi. A dajin Voyageurs da ke arewacin jihar Minesota ta Amurka, bakin iyakar Kanada, masu bincike sun riƙa tsintar kashin kyarketai mako mako suna dubawa, sai suka tarar daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta wani garke abin da ya fi ci 'ya'yan itace ne, musamman wasu ƙanana shuɗaye da ake ce wa bulubari, wani makon ma har kashi 83 cikin 100 na abincinsu. Bismillah.

Na ji labari daga nesa yana zuwa,
Mai haƙorin nan da ke sa gudun barewa,
Ya sunkuya cikin ciyawa yana tsinkewa,
Shuɗin 'ya'yan itace yake ta haɗiyewa,
Wa zai faɗa min dalilin wannan sauyawa?

Kawu Mai Goro na Alabar:
Wa alaikumus salam ɗana, ni kam ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Ɗana dalilin ba shi da wuyar ganewa,
Yunwa ce mai sa sarki durƙusawa.
Wajen watan Yuni barewa ke haihuwa,
Ɗanta na kwance, kyarkeci na ɗaukewa,
Da Yuli ya yi nisa ƙafa ta yi ƙwari sai tserewa,
A bi shi yini guda a dawo ba kamawa,
To mai ciki ya zauna ne yana jiran mutuwa?

'Yar Asawase:
Kawu ina gaisuwa, ya kasuwa. Na ji batun yunwa amma ni ina ganin akwai ƙari.

Kawu batunka ban zo da musantawa,
Sai dai akwai lissafi a bayan yunwa,
Bin babbar barewa akwai shuri akwai karyewa,
Itace ba ya gudu kuma ba ya harbawa.
Ya cika ciki ya kama hanyar komawa,
'Ya'ya suka taru bakinsa suna lasawa,
Ya amayar musu suka sa kai suna cinyewa,
Abin da ya samo shi ya kawo, bai ji kunyar kowa.

wannan na amai ba ni na ƙirƙira ba, a Agustan 2017 wani mai bincike a dajin, Austin Homkes, ya gani da idonsa, babban kyarkeci ya zo ƙananan kyarketai suka kewaye shi ya amayar musu, da suka tashi ya je wurin ya tarar da bulubari a ƙasa. Dama haka suke ciyar da 'ya'yansu, nama ake ɗauko musu a ciki a zo a juye, ranar nan dai ba nama. Wallahi abin ya taɓa min zuciya, don mu mata mun san ranar da ake kaɗa miya ba ko ƙashi a ciki, kuma dole yara su ci kafin su kwanta.

Mahaucin Zango:
Yaya ki yi haƙuri, hanji sana'ata ce kullum hannuna na ciki, kar a sa samari su ɗauka kyarkeci ya tuba ne.

Hanjin mai cin nama gajere ne, ba yawan juyawa,
Abin da ya shiga da sauri yake wucewa,
Wani ɗan itacen da ɓawonsa yake fitowa,
Kilo na nama da kilo na zaƙi ba a haɗawa,
Ciki ya cika amma haƙarƙari na nunawa.
Bari ƙanƙara ta sauka itace ya daina bayarwa,
Garke ya haɗu a jera sahu, sai bin barewa.

Kawu Mai Goro na Alabar:
Yauwa, mahauci ya tsaya a bayana. Allah ya yi albarka.

Malam na Sabon Zango:
Ni wani waje abin ya kai ni. Ba ina wanke shi ba ne, makiyayin da aka kashe wa tunkiya yana da hujjar ƙinsa, amma dabbar nan an daɗe ana ɗora mata abin da ba ta yi ba.

'Yan'uwan Annabi Yusufu suka zo da dare suna kokawa,
Riga da jinin ƙarya a hannu suna nunawa,
Suka ce kyarkeci ya ci, shi ko bai taɓa kowa,
Yaron na cikin rijiya, su suka yi jefawa.
Yau ga kamara a bishiya tana ɗaukowa,
Baki ba jini, ɗan itace yake taunawa,
Wanda ya halicce shi ya san abin ciyarwa,
Rabon rani daban, na sanyi daban yake rabawa.

Ɗan Bawku:
Malam Allah ya ƙara sani. Ku mutanen Kumasi kun tafi Amurka kun bar na gida, duk wanda ya tashi a arewa ya san dila na bin gindin kanya, kuma a 2015 ma binciken jini ya nuna wani nau'in da ake ɗauka dila ne a Sahel da arewacin Afirka ashe ya fi kusa da kyarkeci. Sai kuma kyarketan Habasha, jajaye masu dogon baki a tsaunukan Bale, ba su kai 500 ba a duniya gaba ɗaya, abincinsu ɓeraye ne amma a 2024 aka fitar da bincike cewa suna lasar zumar wani fure, ɗaya kan bi har fure 30 a fita guda.

Kanya ta nuna, ƙasa take zubowa,
Dila ya zo da dare yana tattarawa,
Da safe ka ga ƙwallo a kashi kana wucewa.
Na Habasha kuwa fure yake ziyarta yana lasawa,
Hancinsa ya yi rawaya da garin fure yana yawatawa,
Aikin ƙudan zuma ne mai haƙori ke taɓawa.

'Yar Asawase:
Na gode ɗan'uwa, ka ba ni sandar da zan rama. Mahauci ina kake?

Ka ce ɗan itace da ɓawonsa yake fitowa,
To ai wannan shi ne shuka ba sai da garma ko haƙawa,
Ya ci a nan, ya yi tafiya mai nisa yana zagawa,
Ya ajiye iri da takinsa can inda bai da mai kaiwa,
In ya dace da ƙasa wata rana zai yi tsirowa,
Jikokinsa su zo su tarar suna tsinkewa.

Mahaucin Zango:
To yaya, na yarda da shuka, wannan kin kama ni. Amma ƙiba dai sai nama, nan ba na ja da baya.

Na ba ki iri, na ba ki taki da shukawa,
Ki bar min tsoka da kitse da ɓargon tsotsewa,
Ɗan da aka yaye da zaƙi zai so ƙarawa,
Amma ranar da ya ga barewa ba ya tambayar kowa.

Ɗan Aboabo gobe ni zan buɗe in na dawo daga mayanka, amsa-amo "ya" ne, kuma kura za mu taɓa.