Jirgin sama mai batir: shawarar da masana suka fi tsayawa a kai

Da injiniyoyi da matuƙa jirgi suka zauna kan batun, bakinsu ya zo ɗaya: kada kamfanonin sufuri su sa ran batir zai ɗauki fasinja tafiyar kilomita 1,000 nan kusa.

Matsalar nauyi ce. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na batirin lithium sau kusan 40. Mai kuma yana ƙonewa, jirgi ya rage nauyi a sama, shi kuwa batir yadda ya tashi haka zai sauka. Ga ajiyar ƙarfi da doka ta wajabta saboda ko-ta-kwana, wadda ke cinye kaso mai yawa.

Don haka suka ce a fara da gajerun hanyoyi, irin na gaɓar tekun Norway, da makarantun koyon tuƙi. Misali, Velis Electro, ƙaramin jirgi mai batir mai kujera biyu, wanda hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta amince da shi a 2020, ba ya kai awa guda a sama.

Ga matsakaiciyar tafiya, sun fi karkata ga injin da ya haɗa batir da mai. Ni dai shawarar da ta fi kama ni ita ce ta tanadar wutar caji a filayen jirgi tun yanzu, don janyo babban layin lantarki kan ci shekaru.